Masu Sayar da Kayan Gyaran Mota da Haƙƙin Mai Saye

Darasi domin iyayen ƙasa da hakimai da malamansu a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun

Dalilin wannan darasi

Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan uban ƙasa da fulogi da boris, shi da ba bakanike ba? To, duk abin da ke kawo ƙara zauren sarauta ya shafi mai zauren. Ku da kanku kun san sau nawa a kan zo muku da rigima tsakanin direba da mai kanti, ko tsakanin manomi da wanda ya sayar masa da kayan injin ban ruwa, wannan yana cewa an cuce shi, wancan yana cewa abin da aka nema shi ya bayar. In aka bi diddigin irin wannan ƙara, sau da yawa a kan tarar rashin sani ne ya kawo ta. Mai saye bai san sunan abin da ya ke nema ba, yaron kanti bai san abin da ya ke miƙawa ba, sa'an nan kuma ba a rubuta kome ba.

Abin da a ke so ku riƙe daga wannan darasi guda ɗaya ne. Mai kantin kayan gyara yana sayar da saninsa tare da ƙarfen da ya miƙa. Mai sayen gero yana iya damƙa ya duba da idonsa, ya san sabo ne ko tsoho. Amma mai sayen takalmin birki ba shi da abin dogara sai maganar mai kanti, ba kuwa zai san gaskiyarta ba sai ran da ya taka birki a kan hanya. Saboda haka ƙasar da masu kantinta suka san aikinsu, suka kuma riƙe gaskiya, ta sami sauƙin haɗari da hasara da ƙararraki. Uban ƙasa ba zai gyara mota ba, amma yana da ikon da zai sa wannan hali ya zauna a kasuwarsa.

Abin da Bakolori ta koya mana

Ba sai an tafi nesa neman misali ba, ga shi nan a ƙofar gidanku. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin, aka gama ginin a 1978. An shirya ta shayar da gonaki wajen hekta 23,000 a ƙasashen nan uku. Fiye da rabin wannan fili da yayyafi aka shirya shayar da shi, watau manyan famfuna su tura ruwa cikin bututu, ya riƙa zubowa bisa shuka kamar ruwan sama. Sauran filin kuwa ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai.

Waɗannan famfuna suna bukatar wutar lantarki, da kayan gyara daga ƙasashen waje, da mutanen da suka san su. Da abubuwan nan suka yi ƙaranci, sai famfunan suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ya zuwa 2003 yayyafin ya daina aiki ɗungum, abin da a ke nomawa bai wuce wajen hekta 7,500 ba, ta magudanai, yawanci shinkafa. A 2014 ne Bankin Duniya ya amince da shirin da a ke kira TRIMING, na gyaran manyan wuraren ban ruwa na Arewa, Bakolori tana ciki. Aka shiga gyaran magudanai, da mai da wani sashe na filin yayyafi ya koma shan ruwa ta gangare.

Ku lura da wannan da kyau. Inji kome girmansa, ɗan ƙaramin abu ke tsai da shi, in babu abin a kusa, ko babu wanda ya san shi. Abin da ya sami manyan famfunan Gwamnati shi ke samun ɗan injin manomi kullum. Shinkafar rani in ta yi 'yan kwanaki ba ruwa lokacin da ta ke fid da kai, an yi hasarar da ba ta gyaruwa. Motar da ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye za ta asibiti, in fanbel ɗinta ya tsinke, rai biyu ke cikin hatsari. Ga kuma halin da hanyoyinmu su ke ciki shekarun nan saboda 'yan bindiga. Motar da ta mutu tsakanin Mafara da Maradun da almuru, kowa ya san ba maganar kuɗi kaɗai a ke yi ba.

Inda kayan su ke fitowa

Talata Mafara tana kan babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, kasuwarta kuwa ta ranar Talata ita ta ba garin suna. Don haka mutanen ƙauyuka da yawa nan su ke zuwa neman kayan gyara. Masu kanti su kan saro daga Gusau da Sakkwato, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Su ma waɗannan kasuwanni yawancin kayansu daga Kudu su ke tahowa, kamar kasuwar Ladipo a Ikko, wadda ta shahara da kayan gwanjo, da garin Nnewi a Jihar Anambra, wanda ya shahara da kayan babur da na mota. Watau kafin ɗan ƙarfe ya iso hannun manomin Bakura ya ratsa hannuwa huɗu ko biyar, a ko wane hannu kuwa ana iya musanya mai kyau da maras kyau.

A da sana'ar ba ta kai wuyar yau ba. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, motarsa 504 ta cika hanyoyin Arewa wajen shekara talatin. Mai kantin wancan zamani in ya san kayan mota iri uku ko huɗu ya gama. Yau kuwa ga Toyota da Honda da Volkswagen iri iri, yawancinsu an hau su a Turai ko Amurka kafin a kawo su. Ga baburan Indiya da na Sin, ga tarakta, ga injin niƙa, ga injin ban ruwa. Mota biyu masu suna ɗaya, na kamfani ɗaya, in shekarunsu sun bambanta, ko ɗaya an ƙera ta domin Amurka ɗaya domin Turai, sai ka ga kayansu ba su shiga juna.

Har wa yau, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai. In kaya suka yi tsada, mai saye ya kan nemi araha, mai jabu kuma ya sami kasuwa. Wannan shi ya sa sanin mai kanti ya fi zama wajibi yanzu.

Abubuwan da ya kamata mai kanti ya sani

Ba a bukatar uban ƙasa ko malaminsa su haddace kayan mota. Amma in kun san waɗannan abubuwa bakwai, za ku iya gwada ko wane mai kanti, ku kuma gane mai gaskiya in an kawo ƙara.

1. Lambar shasi. Tun daga 1981 yawancin motoci suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda babu I ko O ko Q cikinta, don kada a ruɗa su da ɗaya da sifiri. Ana samunta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, ko jikin ƙofa, ko cikin takardun mota. A motocin da aka ƙera domin Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar motar. Mai kanti na ƙwarai wannan lamba ya ke nema in ya yi shakka.

2. Taya. A gefen ko wace taya akwai rubutu kamar 195/65 R15. Lambar farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu tsawon gefenta ne, watau kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuwa girman wili ne a inci. Akwai kuma alƙaluma huɗu masu nuna lokacin ƙira. In an rubuta 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin ƙasarmu. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi game da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa.

3. Baƙin mai. Lambar da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, kaurin man ta ke nunawa. Tsofaffin injuna su kan so mai kauri, sababbi da yawa kuwa mai ruwa-ruwa a ka ƙera su da shi, in an zuba musu mai kauri ba ya ratsa ƙananan hanyoyinsu da sauri. Man da a ke aunawa daga buɗaɗɗiyar ganga ba wanda ya san asalinsa.

4. Man birki. Akwai DOT 3 da DOT 4, waɗanda a ke iya gamawa, akwai kuma DOT 5, wanda ba a gama shi da su. Man birki na yau da kullum yana shan danshi daga iska in an bar shi a buɗe. In ya sha, sai ya tafasa sa'ad da birki ya yi zafi, direba ya taka ya ji wayam. Don haka kada a sayar da gwangwanin da aka riga aka fasa.

5. Batir. Na ƙaramar mota bolt 12 ne, in ya cika ma'auni ya kan nuna wajen 12.6. Manyan motoci da yawa biyu su ke haɗawa su sami 24. Kantin da ke sayar da batir ya kamata ya ajiye ma'auni, ya gwada a gaban mai saye. Sau da yawa batirin lafiya lau ya ke, abin da ke ba shi wuta ne ya lalace.

6. Boris. Ko wane boris yana da lamba a gefensa. Mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, mai 6203 kuwa 17. A ido kusan ɗaya su ke, amma wannan ba ya zama a gurbin wancan.

7. Fis. A motocin zamani launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja lamba 10, shuɗi 15, rawaya 20. Amfanin fis shi ne ya ƙone domin waya ta tsira. Wanda ya sa babba a gurbin ƙarami, ko ya ɗaura zaren waya a madadinsa, ya shirya wa motar gobara.

Yadda a ke karɓar mai saye

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaisuwa da sakin fuska su ne farkon ciniki, amma a wannan sana'a tambaya ita ce gindinsa. Ga misali. A ce wani manomi ya zo daga ƙasar Bakura ran Talata, injinsa na ban ruwa yana yoyo.

Manomi: Salamu alaikum, mai kanti.

Mai kanti: Wa alaikumus salamu, Baba. Sannu da zuwa. Yaya hanya, yaya aikin rani?

Manomi: Da godiya. Injina ne ke zubar da ruwa, ba ya ja kamar da. An ce in sayi sabuwar fanka.

Mai kanti: Wane ne ya ce, Baba? Bakanike ya buɗe ya gani?

Manomi: A'a, maƙwabcina ne a fadama.

Mai kanti: To, inci nawa ne injin, biyu ko uku? Kuma ta ina ruwan ke fita?

Manomi: Inci uku ne. Ta tsakanin injin da kan famfon ya ke ɗiga.

Mai kanti: Ko an taɓa tā da shi ba a cika kan famfon da ruwa ba?

Manomi: Yaro ya yi haka shekaranjiya.

Mai kanti: In haka ne, Baba, ina zaton fankarka lafiya ta ke. Akwai wani zobe da mu ke kira sil, shi ke hana yoyo, in injin ya yi gudu a bushe sai ya ƙone. Kuɗinsa bai kai na fanka ba. Ina da iri biyu, wannan na kamfani ne, wannan kuwa kwaikwayo ne, ya fi araha amma ba ya kai wancan ƙarko. Ka zaɓa. In bakanike ya buɗe ya ga ba shi ba ne, ka dawo mini da shi cikin kwalinsa Talata mai zuwa, in ba ka kuɗinka. Bari in rubuta maka.

Ku duba abin da wannan mutum ya yi. Ya yi tambaya kafin ya ɗauko kaya. Ya hana mai saye sayen abin da ba ya bukata, ko da ya ke shi ya fi riba. Ya faɗi irin kayansa. Ya yanke wa'adin mayarwa, ya rubuta. Ya kuma koya wa manomin abin da zai kiyaye gaba. Ribar yau ta ragu, amma ya sami mutumin da ba zai je wani kanti ba, shi da 'ya'yansa da maƙwabtansa.

In kuwa mai kanti ba shi da abin da a ke nema, ko bai san shi ba, sai ya faɗi haka, ya nuna kantin da za a samu, ko ya ɗauki hoton lambar da waya ya aika wa wanda ya ke saro wa kaya a Kano. Cewa ban sani ba ba ya rage darajar mutum. Abin kunya shi ne ya miƙa wanda ya yi kama, ya ce a je a gwada, sa'an nan in an dawo ya ce kayan da ya fita ba ya komowa.

Na asali, da kwaikwayo, da gwanjo, da jabu

Kayan gyara iri huɗu ne, wajibi ne malamai su rarrabe su, domin yawancin ƙara a nan ta ke. Na asali shi ne wanda kamfanin motar ya yi, ko ya sa aka yi masa. Kwaikwayo shi ne wanda wani kamfani dabam ya yi da sunan kansa, cikinsa akwai mai kyau akwai maras kyau. Gwanjo shi ne wanda aka ciro daga wata mota. Jabu kuwa shi ne wanda aka yi wa kwali da tambarin kamfanin da ba shi ya yi shi ba, ko tsohon da aka wanke aka shafe aka ce sabo ne.

Uku na farko babu laifi a sayar da su, muddin an faɗi ko wanne ne. Talaka yana da ikon ya sayi na daidai ƙarfinsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin yana wurin ɓoyewa. Amma akwai kayan da rai ya rataya a kansu, su ne birki da taya da kayan sitiyari. A waɗannan, mai kantin kirki ya kan ja kunnen mai saye game da araha. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su.

Shari'a da doka sun haɗu a kan wannan. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu su ke hukunci da shi, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, mai saye kuma in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Dokar Tarayya ta kare masu saye, ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ma ta ce a faɗi kuɗin kaya a fili, a bayyana in kayan tsoho ne ko gyararre, a ba da takardar ciniki, a kuma karɓi kayan da ya fito da aibi. Hukumar FCCPC ke lura da wannan doka. Hukumar SON kuwa, wadda asalinta ya koma 1971, ita ke duba ingancin kayan da a ke ƙerawa da waɗanda a ke shigowa da su.

Game da gwanjo akwai wani abin tsoro, shi ne kayan sata. Babur ɗin da aka ƙwace a hanya a kan wargaza shi a sayar gunduwa gunduwa. Mai kantin da ya saya daga hannun wanda bai sani ba, bai rubuta sunansa ba, bai duba lambar inji ba, ya buɗe wa ɓarawo kasuwa, ya kuma jefa kansa cikin tuhuma.

Yaron kanti

Yawancin lokaci maigida yana kan hanyar saro, yaro ke tsare kanti. Saboda haka sanin yaron shi ne sanin kantin. 'Yan kasuwa Igbo, waɗanda su ke riƙe da kantuna da yawa na wannan sana'a a garuruwan Arewa, suna da al'adar da ta cancanci a duba. Yaro ya kan zauna wurin maigida shekara biyar zuwa bakwai, yana koyon sunayen kaya da lambobinsu da hanyoyin saro, sa'an nan a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Mu ma muna da irin wannan a ƙira da jima da dukanci tun kaka da kakanni, ba baƙon abu ba ne gare mu.

Yaron da za a bar wa kanti ya kamata ya iya karanta alƙaluma da haruffan boko, domin da su a ke rubuta lambobin kaya duka. Ya kamata ya yi 'yan watanni a gareji, ya ga inda ko wane ƙarfe ya ke zama. Ya kamata kuma a hore shi kada ya yi wa baƙauye dariya don bai san sunan abu ba. Mutum in an kunyata shi ya kan daina bayani, in ya daina bayani kuwa sai a ba shi abin da ba shi ba ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga Kwalejin Abdu Gusau ta kimiyya da fasaha nan cikin Talata Mafara. Uban ƙasa mai himma yana iya neman malamanta su ba yaran kantuna da na gareji ɗan darasi lokaci lokaci, ya kuma ƙarfafa wa iyaye su sa 'ya'yansu.

Aikin uban ƙasa

Da fari, ku san masu wannan sana'a a ƙasarku. Ku tara su tare da shugabannin kanikawa da na direbobi da na manoman rani, da Sarkin Kasuwa, aƙalla sau biyu a shekara, sau ɗaya kafin a fara aikin rani, sau ɗaya kafin damina. Ku bar su su tsara ƙa'idodinsu da bakinsu, domin abin da mutane suka ɗaura wa kansu ya fi wanda aka ɗaura musu ƙarko. Ku dai tabbata abubuwa huɗu sun shiga: faɗin irin kaya, ba da rasit, wa'adin mayarwa, da rubuta sunan wanda aka sayi gwanjo a hannunsa.

Na biyu, in an kawo ƙara, ku sa a kawo kayan, da kwalinsa, da tsohon da aka cire. Ku kira bakanike wanda ba shi da hannu cikin cinikin ya duba. Ku tuna laifi yana iya zama na mai kanti, yana iya zama na wanda ya ɗaura kayan, yana kuma iya zama na mai motar da ya ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Akwai kuma wata al'ada da ya kamata ku bincika, watau bakanike ya haɗa baki da mai kanti, a sayi kwaikwayo a rubuta kuɗin na asali, su raba abin da ya hau.

Na uku, ku san iyakar ikonku. Aikinku sulhu ne da gargaɗi. Ba naku ba ne ku yanke kuɗin kaya, ko ku rufe kanti, ko ku ƙwace kaya. In sulhu ya ƙi, ga alƙali. In jabu ne mai yawa ko kayan sata, ku sanar da Mai Martaba Sarki da 'yan sanda, a kai magana ga hukumar da abin ya shafa.

Na huɗu, baƙo da ɗan gari ɗaya ne a gabanku. Kada a danne mai kanti don ya zo daga nesa, kada kuma a ɗaga masa ƙafa don yana da kuɗi. Uban ƙasan da ya ke karɓar taya ko batir kyauta daga wani kanti ya ɗaure bakinsa da kansa, ran da aka kawo ƙarar wannan kanti ba zai iya magana ba.

Aikin malami

Malamin uban ƙasa shi ne idon wannan al'amari. Sai ya buɗe littafi mai kashi biyu. A kashi na farko ya rubuta sunan ko wane kanti, da inda ya ke, da irin kayan da ya ke sayarwa, da inda ya ke sarowa, da yawan yaransa. A kashi na biyu ya rubuta ko wace ƙara: kwanan wata, da masu ƙarar, da kayan da a ke rigima a kai, da abin da bakanike ya gani, da yadda aka ƙare. Bayan wata shida in ya duba, zai ga ko ƙararrakin sun taru a kanti ɗaya, ko a kaya iri ɗaya. In a kaya iri ɗaya ne daga kantuna dabam dabam, to ɓarnar daga wurin saro ta ke, gargaɗi ɗaya ya isa ya tsirar da mutane da yawa.

Sai kuma ya koya wa masu kanti rubuta rasit, da boko ko da ajami. Abubuwa bakwai ke cikinsa: kwanan wata, sunan kanti, sunan kaya da lambarsa, irinsa, kuɗinsa, kwanakin da a ke iya mayar da shi, da sa hannu. Ɗan wannan rubutu ba ya cin minti biyu, amma ya kan kashe rigimar da za ta ci wa uban ƙasa yini guda.

Tambayoyi

Malami ya gwada kansa da waɗannan kafin ya fita kasuwa.

1. Me ya tsai da yayyafin Bakolori, kuma ina kamarsa da injin manomi?

2. An kawo muku taya mai ɗauke da 4019. Yaushe aka ƙera ta, kuma me za ku gaya wa mai ita?

3. Mene ne bambancin kwaikwayo da jabu? Wanne ne laifi a sayar?

4. Direba ya ce an sayar masa da boris maras kyau, ba shi da rasit. Waɗanne abubuwa za ku sa a kawo, wa kuma za ku kira?

5. Kantuna nawa ne na kayan gyara a ƙasarku, cikinsu nawa ke ba da rasit?

Wanda ya kasa amsa ta biyar, to daga nan aikinsa zai fara, ran kasuwa mai zuwa. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a noman rani, ya ba ƙasa lafiya.